Ƙofa a Kan Ɗigon Walda

Tun ranar da aka rataya sabon get a gidan Alhaji abinci bai sake zama mini a ciki ba.

Kada wani ya ji na ce gidan Alhaji ya ɗauka mu wasu ne. Babana maigadi ne. A ɗakuna biyu na can bayan gidan aka haife ni, nan na girma, ni ce auta, kuma da sunan nan kowa ke kirana har a shagon maganin da nake aiki.

Wanda ya ƙera get ɗin shi ne mutumin da nake so. Mai walda ne, ’yan unguwa na ce masa Tartsatsi. Duk rigunansa huji ne, hannunsa kuwa ba inda wuta ba ta lasa ba, amma ni ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau ba, mai gardama ya je ya yi da bango.

Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya masa. Ya kama ɗaki, ya nuna yana da abin riƙe mace kafin watan nan ya ƙare, sai a yi maganar aure. In wata ya ƙare bai kawo komai ba, to a ba wani fili.

Aikin get ɗin nan shi ne duk abin da muka dogara da shi. Bashi ya ɗauko ƙarafen, ya jinginar da injin waldarsa ga mai sayar da ƙarfe, ko da yake injin na nan hannunsa tukuna. In Alhaji ya biya, ga ɗaki ga aure. In bai biya ba, injin ma ya tafi.

To, Tartsatsi yana da wata ƙa’ida da ya gada wajen ubangidansa. In ya rataya ƙofa, ɗigon walda kawai yake sa wa hinji, ƙarfen da ke riƙe da ita, nan da can, don a ga ta zauna daidai. Sai ya tokare ta da katako ya ce kada a taɓa. Ba ya bin hinjin da wuta ya ɗaure shi tamau sai kuɗinsa sun shiga aljihu. Haka ya yi a gidan Alhaji, ya ce motoci su ci gaba da bi ta tsohuwar ƙofar baya.

Ba a banza ya yi hakan ba. Mai tayil ɗin gidan nan ya yi ta sintiri har takalminsa ya tsinke, bai ga ko sisi ba. Mai fenti da ya ɗaga murya a bakin ƙofa, a hannun ’yan sanda ya kwana. A gidan nan na girma, ba labari aka ba ni ba.

Ran nan da safe na fito zan tafi aiki na tarar da su. Alhaji na cikin mota, ya ɗan sauke gilashi. Tartsatsi na tsaye a gefe, ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, maganar cikon kuɗin nan ce.”

“Ka gama aikin?”

“Saura ɗaure hinji kawai, ba abin da zai ci rana ba ne.”

“To ka ɗaure mana.”

“A sallame ni in ɗaure, ranka ya daɗe. Ai haka muka yi da kai tun farko.”

Alhaji ya yi murmushi. Shi fa ba ya ɗaga murya. Da ma yana ɗagawa da sauƙi, mutum ya san an yi masa faɗa ya huce. A hankali yake magana, kamar mai yi wa mara lafiya sannu.

“Yaro, ka san da wa kake magana kuwa? Ni ba a riƙe mini aiki a yi ciniki da shi. Motata ta gaji da bin ƙofar baya kamar ta ɓarawo. Daga yau ta nan za ta dinga fita.”

“Wallahi ƙofar nan ba ta ɗauru ba, za ta iya faɗowa kan mutum.”

“In ta faɗo, wa ya rataya ta? Ni ko kai?”

Sai ya juya wajen Baba.

“Maigadi,” in ji Alhaji, “cire katakon nan ka buɗe mini.”

Ina kallo Baba ya miƙe daga bencinsa. Bai dubi kowa ba. Ya janye katakon, ya sa kafaɗa ya tura ƙarfen da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ƙofar ta tafi tana rangaji, motar ta fice.

Daga ranar, duk fita da shigowar Alhaji sai Baba ya shiga ƙarƙashin ƙofar nan. Ko ina shago na ji ƙarar wani abu ya faɗi a titi sai in zabura, in ɗauka ƙofar ce.

* * *

Umma ce ta fara tayar da maganar, muna zaune a ɗaki ina shafa wa Baba man zafi a kafaɗa.

“Manaja ya sake aiko da gaisuwa.”

Na yi kamar ban ji ba.

Manaja ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ke riƙe da jakar kuɗin gidan, ba a biyan kowa sai da sa hannunsa. Ya daɗe yana bina. Ba mummuna ba ne, ban yi masa ƙarya ba, amma turarensa kan riga shi isowa, kuma in yana magana da mutum makullin mota yake kaɗawa a yatsa. Ko sunansa aka ambata sai in ji raina ya ɓaci.

“Da ke nake, Auta.”

“Na ji, Umma. Ina amsawa.”

“Amsawar ke nan? Mutum ya zo da mutuncinsa, da gidansa, da motarsa, ke kin liƙe wa mai ƙona ƙarfe. Yanzu ga shi ya je ya tsokano mana tsuliyar dodo. In Alhaji ya ce mu kwashe kayanmu, ina muka nufa da tsufan babanki? Gidan yayyenki, mu zame wa surukai kaya?”

“Haƙƙinsa fa yake nema, Umma. Guminsa ne.”

“Haƙƙi! Da kafaɗar ubanki ake neman haƙƙin? Dubi nan, dubi yadda ta kumbura. Shi yana can inuwa yana jiran kuɗi, tsoho na nan yana ɗaukar ƙarfe. In da yana ƙaunarki da gaske, ai ko don ke ya zo ya ɗaure ta.”

Maganar nan ta soke ni, don ni ma na daɗe ina juya ta a raina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Baba ya janye kafaɗarsa, ya mayar da riga.

“Ki bar yarinyar nan haka. Auta, ni ba zan miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Yaron nan yana da gaskiya, na sani. Amma gaskiyar talaka a ƙofar mai kuɗi ba ta wuce bakin get. Na ba shi wata, watan ya kusa ƙarewa. Ba ni da abin da zan ƙara.”

“Baba, ka daina buɗe ƙofar mana. Ka ce ba za ka iya ba.”

Ya dube ni, ya yi ’yar dariyar da ta fi kuka ciwo.

“Maigadin da ba ya buɗe ƙofa, me ake ajiye shi ya yi?”

Da na fito ɗiban ruwa na iske Manaja jingine da motarsa, kamar da ma ni yake jira.

“Autar Baba, an daina gaisawa ne?”

“Ina wuni.”

“Lafiya lau. Na ga duk kin rame. Abin nan fa ba wani abu ba ne, kuɗin yaron nan suna cikin durowata. Kawu ba ya tambayata lissafi. Kalma ɗaya daga bakinki, yau ɗin nan ya kwana da kuɗinsa, Baba ya huta, kowa ya huta.”

“Wace kalma?”

“Haba, ke ma kin sani.”

“Allah ya kiyaye. A kan gumin wani za ka yi neman aure?”

Ko a jikinsa. Ya kaɗa makullinsa ya ce, “Ni ban tilasta ki ba. Ina nan dai.”

Na wuce, bokiti na dukan ƙafata, ina tsine masa a zuci. Amma maganar ta bi ni har ɗaki.

* * *

Washegari ban je shago ba, na nufi wajen Tartsatsi.

Rumfa ce ta kwano a bakin titi, ko’ina guntayen ƙarfe da tagogin da ba a zo karɓa ba. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya, ya zuba tagumi. Da ya gan ni ya miƙe, ya goge benci da gefen rigarsa.

“Auta, lafiya da rana tsaka haka?”

“Ba lafiya ba. Ka zo ka ɗaure ƙofar nan.”

Fuskarsa ta sauya.

“Zauna mana tukuna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Jiya sai da Baba ya ɗaga ta sama kafin ta rufu. Ta fara sunkuyowa, Tartsatsi. Da idona na gani.”

“Na roƙi Baba ya bar taɓa ta. Har gida na same shi.”

“Ya bari ya ci me? Ya kwana a ina? Kai kana da rumfa, shi bencin nan kaɗai gare shi.”

Ya shafa kansa da hannu biyu, ya kai ya komo.

“Ki saurare ni, don Allah. Hinjin nan shi kaɗai ya rage a hannuna. Ranar da na ɗaure shi, ranar Alhaji zai manta da kamannina. Kin ga abin da aka yi wa mai tayil. Mai ƙarfe ya aiko jiya, ya ce in ban kai kuɗi ba zai turo a ɗauke injin. In injin ya tafi, da me zan je gaban Baba? Da hannu biyu kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa?”

“Gara ka zo da hannu biyu da ka zo gaisuwar mutuwar da gaske.”

“Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?”

Sai kuka ya ƙwace mini. Na daɗe ina riƙe shi, a gaban Umma, a gaban Manaja, a gaban masu sayen magani. Na durƙushe nan cikin ƙurar ƙarfe ina yi, mutane na wucewa suna kallo, ko oho.

Ya tsuguna a gabana.

“Auta, don girman Allah ki daina. Wallahi kukanki ya fi mini wuta zafi. Duk abin nan don wa nake yi? Ba don ke ba? Na ga ɗakin, na gaya miki, mai taga biyu, ga famfo a tsakar gida. Mai gidan hayar ta ce za ta jira ni. Kaɗan ya rage. Alhaji na da baƙi ƙarshen mako, ba zai so su ga ƙofa a karkace ba, dole ya kira ni. Ki ba ni ’yan kwanakin nan.”

“Ni zan ba ka? Ka tambayi ƙofar, ita za ta ba ka.”

“Ɗigon da na sa mai ƙarfi ne, zai kai.”

“Ka rantse.”

Ya sunkuyar da kai.

“Ka gani? Ba za ka iya ba. Kai da ka ƙera ta ma ba ka yarda da ita ba, amma ka bar ubana a ƙarƙashinta safe da yamma.”

“Ba ni na sa shi ba! Alhaji ne ya sa shi! Me ya sa kowa ni yake kallo? Wanda ya cinye gumina yana kwance cikin sanyi ba mai ce masa kanzil, ni da aka zalunta ni ne mugu. Har ke, Auta?”

“Alhaji ba ya sona, ba abin da zan roƙe shi. Kai ne ka ce kana sona.”

“In na ɗaure ta na rasa ki. Kin gane kuwa? Wata zai ƙare, Baba zai ce a ba wani fili, wanin kuma mun san shi. Ki ce in ɗauki hannuna in miƙa ki gare shi?”

“In ƙofar nan ta danne Baba, kana tsammanin zan iya zama ɗaki ɗaya da kai? Ko taga goma gare shi?”

Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan, kuma wallahi ji na yi kamar in ce na janye maganata.

“Zuwa ƙarshen mako kawai,” ya ce a hankali. “Ubangidana ya ce duk mai waldar da ya ɗaure hinji kafin a biya shi, yunwa ce za ta kashe shi.”

Na miƙe, na kakkaɓe zanena.

“To ka riƙe maganar ubangidanka. Ni uba ɗaya gare ni.”

Yana kirana ban waiwaya ba. Na tafi da tabbacin cewa ya zaɓi kuɗinsa.

* * *

Ina shan kwanar layinmu na ji hon ɗin motar Alhaji.

Na hango Baba ya taso da sauri yana gyara hula. Ya zare sakata, ya sa kafaɗa. Ƙofar ta taho rabi, sai na ji ƙas! kamar an karya busasshen ice.

Hinjin sama ya saki gefe guda. Ƙofar nan ta kwanto gaba ɗayanta, Baba na ƙasa.

Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Ihu nake ina gudu. Direba ya diro daga mota, masu shagon tsallaken titi suka rugo, aka taru aka tallafe ta, wani ya jawo katakon nan aka tokare. Aka zaro Baba. Goshinsa ya fashe, jini har cikin gemu, hularsa na can cikin kwata.

“Ba komai, ba komai,” yake ta faɗa, yana neman miƙewa. “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yanzu za a buɗe ta baya.”

Haƙuri yake bayarwa! Jini na zuba, shi ne mai ba da haƙuri.

Alhaji ya sauke gilashi, ya dubi ƙofar, ya dubi Baba. Ko sannu.

“Manaja,” ya ce da ɗan ƙanwarsa da ya fito jin ihun, “a kira ’yan sanda su ɗauko mini yaron nan. Ya kusa kashe mini maigadi.” Mota ta juya ta bi ta baya.

Muka kai Baba ɗaki. Na wanke ciwon, na ɗaure. Umma na gefe tana kuka tana faɗin abin da ya zo bakinta. Manaja ya biyo mu, ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu yana neman lamba.

Na san abin da ake yi wa talaka in Alhaji ne ya kai ƙara. Mai fenti kwana ɗaya ya yi, bai sake miƙewa daidai ba. Wannan kuwa da jini a ƙasa, sai Allah.

“Manaja, ajiye wayar.”

Ya ɗago.

“Umarnin Kawu ne, Auta.”

“Ka ce ba ya tambayarka lissafi. Ka biya shi kuɗinsa cif, ko sisi kada a rage. A bar maganar ’yan sanda. Ya zo ya ɗaure ƙofar nan yau.”

“Sannan?”

Umma ta daina kuka. Baba ya ɗago kai daga matashi.

“Sannan na amince.”

“Auta,” in ji Baba, “ki san abin da kike faɗa. Ba wanda ya sa ki. Magana in ta fita a gaban iyaye ba ta komawa.”

“Na sani, Baba. Na amince.”

Umma ta rungume ni tana sa mini albarka. Manaja ya mayar da waya aljihu, ya durƙusa ya yi wa Baba godiya, ya ce bari ya je ya haɗo kuɗin, sai a aika a kira mai walda. Ni dai ina zaune kamar an dasa ni. Ban yi kuka ba, hawayen sun ƙare a rumfa.

Ba a kai ga aikawa ba.

Muna nan zaune muka ji ƙarar amalanke a bakin get, da muryar da ko cikin barci na ji ta na san mai ita. Na leƙa. Tartsatsi ne, ya turo injinsa da janareto tun daga rumfa, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya ga ƙofar a kwance kan katako. Ya ga jinin da ba a wanke ba. Sai ya saki amalanken ya rugo cikin gida, abin da bai taɓa yi ba, har bakin ɗakinmu. Ya zube a gaban Baba.

“Baba, ka gafarce ni. Na zo, ashe na makara. Tun da Auta ta bar wajena na kasa zaune na kasa tsaye. Ka yafe mini, Baba.”

“Tashi, yaro. Ba kai ka ture ta ba.”

Bai tambayi kowa komai ba. Ya koma bakin get, ya roƙi direba da masu shago suka ɗaga masa ƙofar ta koma mazauninta. Ya tayar da janareto, ya rufe fuska da gilashinsa, ya fara.

Na tsaya daga nesa ina kallo. Wuta na feshi, yana bin hinjin nan a hankali, sama da ƙasa, ciki da waje, sandar walda na ƙarewa yana sa wata. Na san abin da yake ƙonawa. Injinsa ne da ɗakinsa mai taga biyu. Shi kuma bai san abin da na riga na yi ba.

Sau nawa na ɗaga ƙafa zan je in gaya masa, ƙafar ta ƙi.

Da ya gama ya kashe janareto, ya tura ƙofar da yatsa biyu, ta tafi sumul ta dawo. Masu shago suka yi ta sa albarka. Baba ya fito dafe da bango, ya zauna a bencinsa.

Tartsatsi ya naɗe wayoyinsa, ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Kin yi gaskiya, Auta. Da wani abu ya sami Baba, da ban sake iya kallon idonki ba. Injin zai tafi gobe, ya tafi. Hannuna na nan. Zan koma yaron shago a wajen wani in fara daga farko. Zan roƙi Baba ya ƙara mini lokaci, ko zai kore ni sau goma zan dawo. Ke dai ki jira ni. Za ki jira ni?”

Wayyo Allah. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kafin in sami bakin magana turaren nan ya iso. Manaja ya fito daga cikin gida da ambulan mai kauri, yana murmushi har kunne.

“A’a, mai walda, har ka iso? Aiki ya yi kyau. Ga kuɗinka, cif, ka ƙirga.”

Tartsatsi ya tsaya yana kallon ambulan ɗin kamar an miƙo masa maciji.

“Alhaji ne ya ce a ba ni?”

“Kawu? Kawu ai ’yan sanda ya ce a kira maka. Ka gode wa amaryarmu, ita ta roƙa maka. Ɗazun nan aka gama magana a gaban Baba da Umma.”

Ya danƙa masa a hannu.

Tartsatsi bai buɗe ba. Ya juyo ya dube ni. Na so ya yi ihu, ya zage ni, ya kira ni maci amana, da na ji sauƙi. Bai yi ba.

“Gaskiya ne, Auta?”

“Za su kama ka ne. Na ga jinin Baba, na ɗauka ba za ka zo ba. Ka ce sai ƙarshen mako, Tartsatsi, kai ka faɗa da bakinka!”

“Na faɗa,” ya ce. “Na faɗa kam.”

“Ka karɓa, don Allah. Guminka ne. Ka je ka fanshi injinka, kada abin ya tashi a banza.”

Ya juya ambulan ɗin a hannunsa. Sannan ya kamo gefen mayafina, ya ɗora shi a kai, ya naɗe, don kada ya taɓa hannuna a gaban Baba.

“Ki mayar masa. Ni ƙofa na sayar wa gidan nan, ban sayar da ke ba.”

“Kai ka sani,” in ji Manaja. “Ka karɓa ko ka bari, magana dai an riga an yi ta.”

Na juya wajen Baba. Shi kaɗai zai iya cewa wani abu. Yana zaune da ƙyalle a goshi, idonsa a ƙasa.

“Baba?”

“Na tambaye ki, Auta,” ya ce. “Na tambaye ki kafin ki maimaita.”

Tartsatsi ya ɗora injin a amalanke, ya ɗaure da igiya. Ya rusuna ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Umma da ta biyo mu ta laɓe a gefe. Ya kama hannun amalanken ya tura ya fita titi.

Na bi shi har tsakiyar get ina kiran sunansa. Bai waiwayo ba. Ambulan na nan a mayafina, ya yi mini nauyi kamar dutse.

Daga saman bene aka buɗe taga, muryar Alhaji ta sauko a hankali.

“Maigadi, an gyara ko? To a rufe mini gida.”

Baba ya miƙe da ƙyar, ya kama ƙofar, ya turo ta har ta kusa taɓa kafaɗata. Ina tsaye a kan hanyarta, ƙafa ɗaya a cikin gida, ɗaya a titi.

“Matsa, Auta,” ya ce, hawaye na bin gemunsa. “Matsa in rufe.”

Ban matsa ba.